Tambaya da Amsa: Shin Satifiket ɗin Sarrafa Shara Zai Amfani Ɗan Jari-Bola?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni mutumin Katsina ne mazaunin Agege, kuma na daɗe ina sana'ar jari-bola, ina sayen robobi da gwangwani da ƙarafa a hannun yara ina kai wa diloli. Na gama sakandare amma ban ci gaba ba. Kwanan nan aka turo mini sanarwar wani kwas na ƙaro ilimi a kan kula da shara da sake sarrafa ta, wanda ake yi a ƙarshen mako na 'yan watanni, a ba da satifiket. Shin ya dace in nema, kuma me ake buƙata? Daga mai karatu a Agege.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ya dace ka nema, amma da sharaɗin ka san abin da takardar za ta yi maka da abin da ba za ta yi ba, tun kafin ka biya kuɗin fom.

Dalilin da ya sa na ce ya dace shi ne yadda sana'ar take sauyawa a Legas. Hukumar kula da shara ta jihar, LAWMA, wadda asalinta ya koma 1977, takan ƙiyasta cewa birnin yana fitar da shara kimanin tan 13,000 a kullum, kuma da yawa daga cikinta tana ƙarewa a juji irin na Olusosun da ke Ojota da na Solous da ke Igando. Gwamnatin jihar ta haramta kwasar shara a baro, ta bar aikin a hannun kamfanoni masu zaman kansu masu rajista, waɗanda ake kira PSP. A Janairun 2024 ta haramta kwanon soso na zuba abinci, a Yulin 2025 kuma ta fara aiwatar da haramcin wasu robobin da ake amfani da su sau ɗaya a yar. Duk wani sauyi irin wannan yana fifita mai takarda ne a kan mai ƙarfin dantse, alhali 'yan'uwanmu na Agege da Mile 12 da Ijora, waɗanda suka fi kowa sanin kayan, su ne suka fi ƙarancin takardu.

Sai dai satifiket ba lasisi ba ne. Yana shaida cewa ka yi karatu, amma ba ya ba ka izinin kwasar shara a unguwa ko buɗe wurin tara kaya. Wannan izini daga LAWMA yake fitowa, kuma idan aikinka ya kai ga injin niƙa roba ko wani abu mai fitar da hayaƙi da gurɓataccen ruwa, sai hukumar kare muhalli ta jihar, LASEPA, ta sa baki. Rajistar sunan kasuwanci kuwa a hukumar CAC ake yinta. Duk wanda ya ce maka kwas ɗinsa kaɗai zai wadatar da kai daga waɗannan, ka riƙe kuɗinka.

Abu na farko da za ka bincika shi ne sunan wanda zai sa hannu a takardar. Idan jami'a ce, ka duba ko tana cikin jerin da hukumar NUC ta amince da su. Idan kwalejin fasaha ce ko cibiyar koyar da sana'a, ka duba jerin hukumar NBTE, kuma dukansu suna shafukan hukumomin a intanet. Idan sanarwar ta ambaci wata babbar makaranta, kamar Jami'ar Legas da ke Akoka ko Kwalejin Fasaha ta Yaba, ka taka da ƙafarka ka tambaya a ofishin sashen ko sun san da kwas ɗin, domin sanarwar da ke yawo a WhatsApp kowa yana iya liƙa mata tambarin da ya ga dama. Kuɗi kuma a asusun makaranta ake biya a karɓi rasit, ba a asusun wani mutum ba. LAWMA ma tana da nata sashen horaswa, LAWMA Academy, kuma babu laifi ka leƙa ofishinsu na Ijora ka ji abin da suke da shi.

Abu na biyu, wanda a ganina ya fi na farko nauyi, shi ne manhajar. Ka nemi a nuna maka ita a rubuce, ka auna ta da abin da ka riga ka sani, domin mutumin da ya yi shekaru a gaban sikeli ba ya buƙatar a koya masa bambancin alminiyam da ƙarfe, maganaɗisun aljihunsa ya daɗe da raba wannan gardama. Abin da kake buƙata shi ne dalilin da ke bayan abin da hannunka ya saba yi. Ɗauki gorar ruwa ka juya gindinta, za ka ga lamba 1 a cikin alama mai kusurwa uku, wato nau'in robar da ake kira PET ke nan. Jarka takan ɗauki lamba 2, bututun ruwa 3, bokiti sau da yawa 5. Idan aka niƙa gora da murfinta aka zuba a baho, ɓarɓashin gorar zai nutse, na murfin ya taso sama, kuma da wannan dabara masana'antu suke raba su. Amma robar lamba 3, wato PVC, ita ma nutsewa take yi, kuma kaɗan daga cikinta ya isa ya ɓata narkin PET mai yawa. Shi ya sa dila yake zaftare maka kilo idan ya ga kaya a cakuɗe, shi ya sa kuma farar gora ta fi mai launi daraja. Kwas ɗin da ya koya maka wannan, ya haɗa da lissafin kuɗin mota da na ɗaure kaya da ajiye bayanan ciniki, ya biya kuɗinsa.

Kada ka yarda da manhajar da babu darasin lafiya a cikinta. Ƙona waya don fitar da jan ƙarfe yana sakin hayaƙi mai guba, fasa batirin mota yana watsa dalma a ƙasa da tufafi har ta bi mutum gida, kuma ba mu manta ba cewa gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ko da yake can daga niƙan dutsen zinariya ta fito. Gobarar Olusosun ta Maris 2018, wadda hayaƙinta ya turnuƙe Ojota kwanaki, ita ma darasi ce a kan iskar gas da ruɓaɓɓiyar shara take tarawa. Haka nan ka tabbata za a yi bayanin tsarin NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli, da ya ɗora wa masana'antu alhakin tattara sharar kayansu, wanda a ƙarƙashinsa aka samu ƙungiyoyi irin su FBRA ta kamfanonin abinci da abin sha da EPRON ta kayan lantarki. Irin waɗannan ƙungiyoyi, da wanda yake da rajista da rubutaccen lissafi suke hulɗa, kuma nan ne satifiket yake buɗe ƙofa.

Takardun nema ba su da wahala: sakamakon WAEC ko NECO idan an nema, lambar NIN, hotunan fasfo, da cikakken fom. Ka lura sunanka ya zo iri ɗaya a dukansu. Idan akwai gurbin bayyana ƙwarewa, kada ka ji nauyin rubuta jari-bola. Ka faɗi irin kayan da kake saye, da kilo nawa kake haɗawa a mako, da yara nawa suke aiki a ƙarƙashinka, ka kuma haɗa da wasiƙar dilan da ya san ka ko ta shugaban ƙungiyarku.

TAMBAYA: Ɗana yana son aikin duba-gari a ƙaramar hukuma. Shin irin wannan gajeren kwas zai ishe shi? Daga wata uwa a Idi-Araba.

AMSA: Ba zai ishe shi ba, Hajiya. Duba-gari aiki ne mai majalisar da ke yi wa ma'aikatansa rajista bisa dokar tarayya ta 2002, majalisar da yanzu ake kira EHCON, kuma sai wanda ya yi cikakken karatun lafiyar muhalli a makarantar da ta amince da ita take ba wa lasisi. Ya nemi gurbin difloma a kwalejin fasahar kiwon lafiya, kamar ta jihar Legas da ke Yaba, ko digiri a jami'a, da kiredit biyar da suka haɗa da Turanci da lissafi da darussan kimiyya. Gajeren kwas ɗin yana iya yinsa daga baya idan ya so ya ƙware a ɓangaren shara.