Tambaya da Amsa: Shekara Biyar Ina Burin Gonar Kaji, Har Yau Ban Sayi Ko Tsako Ɗaya Ba

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin firamare ne a Funtuwa, ina da mata da 'ya'ya uku. Yau shekara biyar ke nan ina da burin mallakar gonar kaji masu ƙwai kamar guda 5,000, har in ɗauki ma'aikata, in daina zaman jiran ƙarshen wata. Da wannan tunani nake kwana, da shi nake tashi, amma har yau ko tsako ɗaya ban saya ba, domin duk lokacin da na tuna yawan kuɗin da za a kashe sai jikina ya yi sanyi. Shin rashin jari ne yake riƙe ni, ko kuwa ni ne ban san yadda ake fara abu ba?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana. Na karanta wasiƙarka sau biyu, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne a cikinta akwai adadin kajin da kake so, amma babu rana ko ɗaya da ka sa wa kanka. Burinka mai kyau ne, kuma ba zan ce ka rage shi ba, sai dai ya kamata ka san girman abin da kake kallo. Kaza mai ƙwai takan yi kimanin wata biyar tana cin abinci kafin ta ajiye ƙwan farko, kuma idan kaji 5,000 suka girma, abin da za su ci a rana ɗaya ya haura buhu 20 mai nauyin kilo 25. Ba abin mamaki ba ne jikin mai albashin firamare ya yi sanyi idan ya hango wannan. Kuskuren da ka yi shi ne ka ɗauki masauƙin ƙarshe a matsayin wurin da za a fara tafiya.

Shawarata ita ce ka fara da kwali ɗaya na 'yan tsakin kajin nama, wato guda 50, waɗanda suke isa sayarwa cikin mako shida zuwa takwas. Dalilina shi ne a cikin wata biyu kacal za ka ga kiwon daga farkonsa har ƙarshensa, ka san abin da ya shiga da abin da ya fita, kuma ko da an yi asara, asara ce wadda ba za ta karya gidanka ba.

Daga nan sai ka sa rana, ka riƙa lissafi daga ranar kana komawa baya. A ce ka zaɓi ƙaramar Sallah, lokacin da kusan kowane gida yake neman kaza. Idan kajin za su cika mako bakwai kafin ranar idi, lallai ne 'yan tsakin su shigo gidanka wajen 10 ga Sha'aban. Wannan yana nufin tun cikin Rajab ka gama gyara ɗaki, ka wanke shi, ka tanadi mazubin ruwa da na abinci, ka biya kuɗin 'yan tsakin a wurin dillali, kuma idan kana cikin adashi da abokan aikinka, tun yanzu ka roƙi a ba ka kwasar wannan watan. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Ka lura kuma cewa a 'yan shekarun nan Sha'aban yana faɗowa ne cikin hunturu, alhali sanyi yana cikin manyan abubuwan da suke kashe tsako a makonni biyun farko, saboda haka gawayi da leda ta rufe taga suna cikin kasafinka.

A wajen kuɗi ne nake so ka fi natsuwa. Abinci shi kaɗai yakan cinye kusan kashi biyu cikin uku na abin da mai kiwo yake kashewa, kuma kaji 50 za su ci kimanin buhu tara zuwa goma kafin su isa kasuwa. Ka je shagon masu sayar da abincin kaji da ƙafarka, ka tambayi farashin yau, ka ninka, ka ƙara kuɗin rigakafin cutar kaji ta Gumboro, da rigakafin Lasota na cutar Newcastle, da sauran magunguna bisa tsarin da likitan dabbobi zai rubuta maka. Abin da na fi gani yana kayar da masu farawa shi ne su zuba duk abin da ke hannunsu wajen sayen 'yan tsaki, sai a mako na biyar, daidai lokacin da kajin suke ci sosai, abinci ya yanke, a sayar da su a wulaƙance. Idan kuɗinka bai kai ba, ka raba kwalin da wani, ka fara da 25.

Akwai wata baiwar Allah a unguwarmu da na taɓa shiga ɗakin kiwonta bayan sallar asuba. Na tarar da ita durƙushe a kan ɓuntun shinkafa, tana duba yadda 'yan tsakin suka kwanta kewaye da kaskon gawayi, ta ce mini idan sun cure wuri ɗaya sanyi suke ji, idan sun watse jikin bango zafi ya yi yawa. A bakin ƙofa kuwa an rataye wani tsohon littafin makaranta da zare, wanda a cikinsa take rubuta kwanan wata, da buhun da aka buɗe, da tsakon da ya mutu. Daga wannan littafi ne take sanin ko ta ci riba, ba daga yawan kuɗin da ta gani a hannu ranar sayarwa ba. Kai malami ne, rubutu ba zai gagare ka ba. Ka kuma zauna da uwargida tun kafin a fara, domin ita ce za ta kula da su a sa'o'in da kake aji, kuma haƙƙinta ne a yanka mata rabonta a fili.

Kada ka bari sai kaji sun girma kafin ka nemi mai saye. Tun suna mako uku ka yi magana da masu gashin kaji da masu abincin sayarwa da abokan aikinka.

Idan ka yi zagaye uku ko huɗu, littafinka ya nuna riba, sai ka fara tunanin masu ƙwai guda 100. A lokacin ka tuna cewa ba ka da nisa da Shika, inda cibiyar binciken kiwon dabbobi ta NAPRI take a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ta samar da kazar ƙwai ta ShikaBrown domin irin yanayinmu. Amma a wannan makon aikinka biyu ne: ka auna ɗakin da za ka yi amfani da shi, kuma ranar Asabar ka je kasuwa da biro da takarda. Ka sake rubuto mini da lissafin da ka samu mu duba shi tare. Allah ya sa albarka.