Abin da ya raba kakanka da banki

Ɗana, saƙonka ya iso. Ka ce me ya sa har yau dattawan unguwar Aboabo ta Kumasi suke damƙa ajiya a hannun maigida ko su zuba adashi, alhali ga banki a bakin titi.

Da can in fataken goro suka sauka Zangon Kumasi, gidan maigidansu suke nufa. Shi ne masauki, shi zai nemo dillali, kuɗin ciniki kuma a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gadonsa yake kwana. Babu takarda, sai shaidu biyu da tsoron Allah. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa zai riga huhun goro isa Legas.

Bankin ƙauye ɗan jiya ne. A 1976 aka buɗe na farko a Ghana, a garin Agona Nyakrom, mutanen gari ne masu hannun jarinsa. Ƙauyen da nake sarin goro kuwa bai samu reshe ba sai da aka koma biyan manoman koko da cak, wanda ake kira Akuafo. Ɗaki biyu ne jikin rumfar awon koko, da akawu ɗaya da ƙaton littafi. Wanda bai iya sa hannu ba ya dangwala yatsa. Ranar biya layi sai ya kai bakin kasuwa, wani lokaci kuɗi ya ƙare da hantsi, a zauna jiran mota daga Kumasi. Mu ina muka ga wannan lokaci? Goro ba ya jira, mai gona kuma so yake ya ƙirga kuɗinsa a hannu. Ga maganar riba, wadda malamanmu ba su taɓa yi mata sassauci ba.

Amma abin da ya karya zukata shi ne 1982, da aka soke takardar sidi 50, mafi girma a lokacin. Wasu don tsoro ƙona tasu suka yi. Kakanka, Allah ya jiƙansa, ya kai tasa banki cikin jakar fata, aka ba shi 'yar takardar shaida. Tana cikin gafakarsa har ya koma ga Allah, ko kwabo bai gani ba.

Kai buɗe asusunka, ban hana ka ba, ni ma ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, nake biyan masu gona yanzu. Sai dai kada ka fasa zubin Juma'a. Gwaggonka ta ce kwasarka wata mai zuwa ce.