'Yata na aji huɗu, makaranta na so ta tsallaka zuwa sakandare: in yarda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Azare. 'Yata shekararta takwas, tana aji huɗu a wata makarantar kuɗi, kuma tun aji ɗaya ita ke zuwa ta ɗaya. Hedimasta ya kira mu ya ce zamanta a firamare ɓata lokaci ne, a bari ta rubuta jarrabawar shiga sakandare bana. Babanta ya yi murna, ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Doka ta yarda da haka? Kuma ba zai cutar da ita ba?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah Ya raya ta, Ya ƙara mata basira. Rashin kwanciyar hankalin nan naki yana da dalili, kada ki yi watsi da shi.

A tsarin ilimin ƙasar nan, firamare shekara shida ce, ƙaramar sakandare uku, babba uku. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ɗauki shekara taran farko a matsayin tushen da ya wajaba kowane yaro ya samu. Jarrabawar da hukumar NECO ke shiryawa ta shiga kwalejojin gwamnatin tarayya, irin wadda ke nan Azare ko ta 'yan mata da ke Bauchi, ana son mai rubuta ta ya kai shekara 10 kafin ya shiga aji. Makarantun kuɗi da yawa sun soke aji shida a aikace, wasu har da na biyar, amma wannan al'adarsu ce, ba tsarin hukuma ba.

Yanzu ki ɗauki takarda mu ƙirga. Idan ta shiga sakandare tana shekara tara, za ta kai ajin ƙarshe tana 14. Ƙa'idar JAMB, hukumar jarrabawar shiga jami'a, kuwa sai mai shekara 16 ake bai wa gurbin jami'a. An buɗe ƙofa ga masu hazaƙa ta daban, amma ƙofa ce matsattsiya: sai yaro ya ci maki 320 cikin 400, sannan a sake tantance shi. In ba ta samu wannan ba, shekarun da aka ce an rage mata za ta zauna ta biya su a gida, a daidai lokacin da zama ba karatu ke dusashe ƙwaƙwalwa. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Ba ina cewa tsallaken aji haramun ba ne. Akwai yaran da zama a ajinsu ke cutar da su: sun gama aiki cikin minti biyar, sai gundura, sai surutu, har malami ya ɗauke su marasa ji. Irin waɗannan tsallaken aji ɗaya kan zame musu magani. Sai dai zuwa na ɗaya kaɗai ba ya nuna yaro yana cikinsu. Sau da yawa abin da muke kira hazaƙa ƙarfin hadda ne. Ki gwada ta da kanki: ki ba ta labarin da ba ta taɓa gani ba ta karanta, ta rufe littafin ta ba ki shi da bakinta. Ki ce kin sayi mudu uku da rabi na shinkafa, ki faɗi kuɗin mudu, ta lissafa canjinki ba tare da an nuna mata hanya ba. Sannan ki nemi makarantar ta ba ta jarrabawar ƙarshen shekara ta aji biyar da ta shida a gabanku. A waɗannan azuzuwan ne ake zaunar da lissafin kaso da ɓangarori da rubutun insha'i, kuma wanda ya tsallake su yakan ji jiki a aji biyu na sakandare, lokacin da babu malamin da zai koma baya dominsa.

Akwai kuma abin da maki ba ya aunawa. Lokacin ina koyarwa a wata makarantar kwana, an kawo mana yaro ɗan shekara tara. In ya zauna a benci ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. A aji ba mai kamo shi, amma bokitin ruwa ya gagare shi ɗauka, siniyoyi sun mai da shi ɗan aike, da dare sai kuka cikin bargo. Zango biyu ya yi makinsa ya fara zubewa. Har yau in na tuna shi sai zuciyata ta sosu, don mu manya ne muka ɗora masa kayan da ya fi ƙarfinsa. Ga 'ya mace abin ya fi nauyi, domin ƙawayenta za su balaga su shiga wasu hirarraki ita tana yarinya ƙarama.

Shawarata, kada ku yarda da tsallake aji biyu. In gwajin ya nuna ta riga ta iya aikin aji biyar, a kai ta aji shida a gwada zango ɗaya, bisa sharaɗin in ta takura a mayar da ita ba tare da gori ba. In a lissafi kawai ta yi zarra, a bar ta a ajinta, tana zuwa ajin gaba a darasin lissafi kaɗai. Ku kuma sa ido kan makarantar masu hazaƙa ta gwamnatin tarayya da ke Suleja a jihar Neja, wadda NECO ke shirya jarrabawar shigarta duk shekara. Can za ta haɗu da sa'anninta masu irin kaifinta.

Kafin ku koma wurin hedimasta, ki zauna da babanta ku yi lissafin shekarun nan tare, sannan ku tambayi yarinyar ita kanta ko tana son rabuwa da ƙawayenta na aji.