Wa Zai Sa Wa 'Yata Wayar Gyaran Haƙora?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. 'Yata shekararta 13. Haƙoranta na gaba sun turo waje, fiƙarta ɗaya kuma ta fito can sama ta hau kan 'yan uwanta, har ba ta son yin dariya a cikin mutane. Likitan haƙoran da muke zuwa wurinsa ya ce zai iya sa mata waya, kuma kuɗinsa da sauƙi. Wata ƙawata ta ce lallai sai ƙwararre a gyaran jerin haƙora. Ina zan nufa? Daga wata uwa a Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam Hajiya. A yanayin da kika faɗa, ki fara kai ta wurin ƙwararren, ko da za ki bi layi.

Dukansu likitocin haƙori ne, kuma ba raina na farkon nake ba. Ya yi shekara 6 a jami'a, ya yi shekarar koyon aiki a asibiti, shi ke ciko da cire haƙori da wankin baki. Shi kuwa ƙwararren, bayan duk wannan sai da ya ƙara wasu shekaru biyar ko fiye a asibitin koyarwa, ya ci jarrabawar Kwalejin Ƙwarewar Likitoci ta Ƙasa ko Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma. Abin da ya zauna a kai shi ne yadda haƙori ke motsi a cikin ƙashi, da yadda muƙamuƙin yaro ke girma.

Manna ƙananan ƙarafa a jikin haƙora da zura waya shi ne mafi sauƙi a aikin. Wuyar tana wurin tsari: wane haƙori zai matsa, zuwa ina, da wane ƙarfi, kuma ko sai an cire wani a sami fili. Fitowar haƙoran gaba ma kala-kala ce. Wani haƙoran ne suka karkace, wani kuma muƙamuƙin ƙasa ne ya tsaya a baya, kuma maganinsu ba ɗaya ba. 'Yarki tana shekarun da ƙashi bai gama girma ba, damar da in ta wuce ba ta dawowa.

Na taɓa ganin wata budurwa da aka sa wa waya a wani wuri ba tare da an ɗauki hoton ƙashi ba. Shekara biyu ana ɗaure waya, giɓin gefe ya ƙi rufewa. Da muka ɗauki hoto, sai ga fiƙa kwance a cikin ƙashin ganɗa, ta ci saiwar haƙorin da ke kusa da ita har ya fara girgiɗi. Uwar ta riƙe hoton tana kallo, ta kasa cewa komai. Har yau abin yana ci mini rai, domin hoto ɗaya tun farko ya isa.

Idan 'yar karkata ce a haƙori ɗaya ko biyu, kuma na sama da na ƙasa suna haɗuwa daidai, likitan haƙori da ya ƙaro horo zai iya. Wushirya kam, ni ba na gaggawar rufe ta. A wurinmu ado ce.

Duk wanda kika zaɓa, ki tambaye shi ko yana da rajista da hukumar MDCN mai yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya, da inda ya koyi wannan aikin. Ya ɗauki hoton ƙashi na baki gaba ɗaya da na kai ta gefe, ya auna haƙoran, ya zaunar da ke ya yi bayani kafin ya taɓa ta. Ki ji kuɗin duka tun daga farko, har da na abin riƙe haƙora da ake sawa bayan an cire waya, don in babu shi haƙoran komawa suke yi. Aikin kan ɗauki shekara ɗaya da rabi zuwa biyu, ana komawa duk bayan mako 4 zuwa 8, don haka ki duba nisan wurin. Tunda kina Kano, ki fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.

Kada kuma ki bar likitanku na yanzu. Shi zai cike duk wani rami, ya tabbatar dasashinta lafiya lau kafin a fara, ya ci gaba da wanke mata baki duk wata 6, domin abinci yana maƙalewa a waya sosai. Allah ya ba ta lafiya.