Hukuncin dasa bawul ɗin alade a zuciyar matashiya

Tambaya: Malam, shekarata 24, kuma ban jima da aure ba. Likitoci sun ce bawul ɗin (wato murfin da ke hana jini komawa baya) da ke bakin babbar jijiyar da ke fitar da jini daga zuciyata ya tsuke, sai an canza shi, kuma sun ba ni zaɓi tsakanin na ƙarfe da wanda aka yi da naman alade. Shin na biyun ya halatta, kuma sallata za ta inganta da shi?

Amsa: Allah Ya ba ki lafiya, 'yar'uwa. Asali dai mushen alade najasa ne, ba a magani da shi matuƙar akwai mai tsarki da zai maye gurbinsa, don haka abin dubawa shi ne ko na ƙarfen ya maye gurbin a halin da kike ciki.

Bawul na ƙarfe yana da ƙarko, har mai shi kan ji ƙas-ƙas ɗinsa idan dare ya tsala, amma yana wajabta shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, har ƙarshen rayuwa, tare da yawan gwajin jini. Wannan magani yana iya nakasa ɗan tayi, musamman tsakanin mako na 6 da na 12, kuma kiyaye zuriya yana cikin manufofin shari'a. Na nama bai buƙatar shan wafarin har ƙarshen rayuwa, sai dai yana saurin lalacewa a jikin matasa, ta yadda da wuya a kauce wa yin tiyata ta biyu.

Ki fara tambayar likitocin ko akwai wanda aka yi da tantanin zuciyar saniya, domin lamarinsa ya fi sauƙi, ko kuma aikin Ross, inda ake mayar da bawul ɗinki na jijiyar huhu zuwa gurbin da ya lalace, a cike nasa da na mamaci. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa ta halatta irin wannan dashe a Jidda a 1988, bisa sharaɗin izinin mamacin ko magadansa.

Idan amintaccen likita ya tabbatar cewa na aladen ne kaɗai ya dace da ke, to ya halatta, saboda aya ta 173 a Suratul Baƙara ta ɗauke laifi daga wanda lalura ta tilasta. Imamu Nawawi ma ya yi wa wanda aka ɗora masa ƙashi mai najasa uzuri idan an rasa mai tsarki. Sallarki ingantacciya ce, domin abin da ke ɓoye a cikin jiki ba a hukunta shi da hukuncin najasar tufafi ko ta fata. Allah ne Mafi sani.