Tsutsar da masu maganin mota ke nunawa a waya: tana zama a cikin yaro?

Tambaya: Dakta, ranar kasuwa wani mai tallar magani ya nuna mana bidiyon wata tsutsa tana fesa farin abu mai rassa a tafin hannu, ya ce ita ke cinye hanjin yara. Ɗana mai shekara huɗu sai ramewa yake. In saya masa maganin? Daga wani uba a karkarar Ringim.

Amsa: Malam, kada ka saya. Tsutsar teku ce daga dangin Nemertea, masu nau'i sama da 1,000, kusan dukkansu mazauna ruwan gishiri. Farin abin nan makamin farautarta ne, bututu da ke kwance cikin kube mai ruwa a saman hanjinta. Da tsoka ta matse ruwan sai ya fito a juye kamar safa, ya cafke ƙananan halittu, wata tsokar ta janyo shi. A bidiyon, wuyar rabuwa da ruwa ce ta sa ta harba shi. Wasunsu na da dafi, wata da teku ya jefo gaɓar Sikotilan a 1864 an ce ta kai mita 55, amma ko ɗaya ba ta rayuwa a jikin mutum.

Ƙaryar "wankin ciki" ce ke ƙona min rai. Kwalba ba suna, ba awo, galibi mai sa zawo ce. Yaro ramamme ya kwana yana zawo, ido ya faɗa, baki ya bushe, sai a nuna wa uwa majinar da hanji ya zubar a ce ga tsutsa ta fito, a ƙara masa cokali biyu. Ruwan jikinsa ne ke tsiyayewa, ana murna!

Tsutsotsin da ke damun mu daban ne: masu shiga ta ƙasa da hannu mai datti, tsila daga naman shanun da bai dahu ba, tsargiya daga wanka a kududdufi da magudanar noman rani. Kuma rama kan zo daga tamowa, tarin fuka ko sikila.

Kai shi asibiti a gwada bayan gidansa, a auna damtsensa. Ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani. Tsutsar hanji a shekarunsa albendazole miligiram 400 ne sau ɗaya, tsila da tsargiya kuwa sai praziquantel gwargwadon nauyinsa. In ya riga ya sha kwalbar yana zawo, a dama ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari na masu zawo, a lita ɗaya ta ruwa mai tsafta a riƙa ba shi a kan hanya.