Tsofaffin Hotunan Hawan Daba: Yaushe Suke Zama Na Kowa?

Wani ɗan'uwa daga Birmingham ya rubuto cewa ƙungiyarsu na son buga kalanda da tsofaffin hotuna, su sayar a Ingila da Amurka, su aika da wasu gida. Akwai katin gidan waya na hawan dabar Kano na 1925 da ya saya a eBay, da hoton dabar Kaduna ta 1956, da wasu daga adakar kakansa. Babu sunan mai ɗauka a ko ɗaya. Shin sun zama na kowa?

Malam, sayen hoto bai ba ka haƙƙin buga shi ba, takardar kawai ka mallaka. Kuma rashin suna a jikin kwafinka bai isa ba. Dokar Birtaniya ta 1988 tana ɗaukar hoto a matsayin marar sanannen mai shi ne idan an yi bincike gwargwadon hali ba a gano shi ba. In sunan ya ɓullo, lissafi ya canja: shekara 70 bayan rasuwarsa.

Don haka fara juya hoton. Duba hatimin shagon hoto, sunan kamfanin da ya buga katin, lambar da aka rubuta da fensir, da ranar da gidan waya ya buga. Kan sarki ma shaida ne: mai ɗauke da sunan Nijeriya ta Arewa na kafin haɗewar 1914 ne, mai hoton Sarki George na Shida kuwa na tsakanin 1936 da 1952 ne. Amma ranar aika kati ba ranar ɗauka ba ce, tana nuna dai hoton bai gaza wannan shekara tsufa ba. Sai ka sa shi a Google Lens da TinEye, manhajojin da ke nemo inda hoto ya taɓa fitowa a intanet, ka duba tarin hotunan Ofishin Mulkin Mallaka mai lamba CO 1069 a ma'adanar tarihin Birtaniya da ke Kew a London, ka rubuta wa Arewa House a Kaduna. Adana kowace wasiƙa da ranarta, ko da ba a amsa ba. Ita ce hujjarka ranar da wani ya taso.

In bincike bai fitar da suna ba, kowace ƙasa da ƙidayarta, kuma dokar inda za ka sayar ita ke aiki. A Birtaniya shekara 70 ne daga ƙarshen shekarar ɗauka, sai dai in an fitar da hoton ga jama'a cikin wannan lokaci, to ƙidaya ta faro daga fitarwar. Katin 1925 da aka buga a shekarar ya daɗe da kuɓuta. Amma hoton 1925 da ya zauna a akwati har aka fara sa shi a littafi a 1990, sai ƙarshen 2060. Nan mutane suka fi faɗawa. Na 1956 da jarida ta buga a lokacin yana kuɓuta ranar 1 ga Janairu 2027. In ma'aikacin gwamnatin Birtaniya ne ya ɗauka a bakin aikinsa kafin Yuni 1957, shekara 50 ne kacal daga ɗauka.

Nijeriya ta fi sauƙi: dokar 2022 ta ba hoto shekara 50 daga fitarwa, ko daga ɗauka in ba a fitar ba.

Amurka ce mai wuya. Abin da aka buga yana ɗaukar shekara 95 daga bugu, don haka katin 1925 ba matsala. Wanda ba a taɓa bugawa ba kuma ba a san mai shi ba, shekara 120 ne daga ɗauka. Hoton da mai sana'ar hoto ya ɗauka aka buga a Birtaniya a 1956 kuwa yana da kariya a can har ƙarshen 2051. Ni dai zan cire shi daga kwafin da za a sayar a Amurka.

Hotunan adaka, tambayi dattawan gida wa ya biya kuɗin ɗauka. A Birtaniya kafin Agusta 1989, wanda ya sa aka ɗauke shi ya biya, shi ke da haƙƙin, ba mai shago ba. In kakanka ne ya biya aka ɗauke shi hoton a London lokacin karatu, haƙƙin na iya kasancewa cikin gado, izinin magada za ka nema, a rubuce.

Wanda ya rage da kariya kuma mai shi ya ɓace, ofishin kula da haƙƙin fasaha na Birtaniya yana ba da lasisi tun 2014. Za su nemi takardun bincikenka, lasisin bai wuce shekara 7 ba, kuma a cikin Birtaniya kaɗai yake aiki, bai rufe kwafin da za ku aika Amurka ba.